Da wane ma'auni ake gane magudanar ruwa ta yi aikinta ko ta gaza?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin magudanan ruwa, injiniyoyi ne ko waɗanda suka daɗe suna kula da su, a kan wata taƙaddama da ta raba kan kwamitin unguwar da nake yi wa sakatare. Shekaru uku da suka wuce aka gina mana babbar magudana ta kankare a gefen titin da ya ratsa unguwar, faɗinta mita ɗaya, zurfinta ma haka, ƙananan kwatoci daga lunguna suna zuba a cikinta kafin ta bi ta kwalbati ta ƙarƙashin titi ta faɗa wani rafi da ke gangare. A damina biyu na farko ba mu ga ruwa ya kwanta a titi ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, har mutane suka fara mance wahalar da aka sha a baya. A damina ta uku kuwa aka sheƙa wani ruwa da yamma wanda bai kai awa biyu ba, magudanar ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shiga gidajen da ke ɓangaren kwari, a wasu ya kai gwiwa, kuma bai janye ba sai wajen asuba.

Tun daga ranar kwamitin ya rabu gida biyu. Wasu sun dage cewa ɗan kwangila ya yi ha'inci, domin a ganinsu sabuwar magudana ba ta da uzurin cika. Wasu kuma sun ce ruwan ranar ya fi ƙarfin kowace irin magudana, kuma damina biyun da aka yi lafiya sun isa shaida cewa aikin yana da kyau. An ɗora mini rubuta takardar da za mu kai wa hukumar da ke da alhakin aikin, ni kuwa ba na son in rubuta zargin da ba zan iya kare shi ba, ba na kuma son in wanke aikin da mai yiwuwa bai cancanci a wanke shi ba. Da wane ma'auni masana suke yanke hukunci a irin wannan lamari? Kuma ko akwai abin da mu da ba injiniyoyi ba za mu iya aunawa da kanmu?

Injiniyan Ruwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da abin da ba zai yi wa kowane ɓangare na kwamitinku daɗi ba: hujjar duka ɓangarorin biyu ba ta tsaya da ƙafarta ba tukuna. Cikar magudana sau ɗaya ba ta nuna ha'inci, rashin cikarta a damina biyu kuma ba ya nuna inganci, domin babu magudanar da ake ginawa don ta ɗauki kowane irin ruwa. Kafin a zana ta, sai an zaɓi wani mizanin ruwan sama a ce har zuwa nan za ta ɗauka, abin da ya haura haka zai hau titi. A cikin unguwanni akan zaɓi ruwan da ake sa ran samun irinsa sau ɗaya a shekara biyu, ko biyar, ko goma, gwargwadon darajar abin da ake son karewa da kuɗin da ake da shi. Saboda haka tambayar farko da za ku yi wa hukumar ita ce wane ruwa aka tsara magudanar ta ɗauka, ta biyu kuma wane ruwa ne ya sauka a ranar.

Wannan magana ta ruwan shekara goma takan rikita mutane, shi ya sa nake son in ɗan tsaya a kanta. Ba ana nufin idan ya zo bana sai bayan shekara goma zai dawo ba. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 10 cikin 100 a samu irinsa ko wanda ya fi shi, don haka yana iya zuwa bana ya sake zuwa baɗi, kuma idan aka lissafa, yiwuwar a gan shi aƙalla sau ɗaya cikin shekara goma kusan kashi 65 ne cikin 100. Da wannan lissafi za ka ga raunin hujjar masu cewa an yi damina biyu lafiya: ko magudanar da ƙarfinta bai wuce ruwan shekara biyu ba tana da damar ɗaya cikin huɗu ta ƙetare damina biyu a jere ba ta cika ba.

Abu na gaba shi ne abin da ke cika magudana ƙarfin saukar ruwa ne, ba jimillar abin da ya sauka a yini ba. Milimita 60 da aka wuni ana yayyafinsu ba za su dami magudana ba, amma milimita 60 ɗin nan idan suka sauka cikin awa ɗaya labari ya sauya. A ranar 1 ga Satumba 2021, lokacin da ragowar guguwar Ida ta ratsa birnin Niyu Yok na Amurka, an auna kimanin milimita 80 cikin awa guda a tsakiyar birnin, alhali akasarin magudanansa an tsara su ne don abin da bai wuce milimita 45 a awa ba. Magudanan sun cika ba don an yi ha'inci wajen ginin su ba, sai don an ɗora musu kusan ninkin abin da aka yi su dominsa. Don haka idan kun je neman bayanan ruwan ranar a wurin masu kula da yanayi, ku nemi na kowane minti 15 ko na kowace awa, kuma ku tambayi inda ma'aunin yake. Ruwa mai ƙarfi yakan sauka a ɗan ƙaramin yanki ya bar maƙwabcinsa. A Mumbai ta Indiya, ranar 26 ga Yuli 2005, ma'aunin unguwar Santakuruz ya nuna milimita 944 cikin awa 24, na Kolaba kuwa da ke kudancin birnin bai kai milimita 100 ba. Ma'aunin da ke nesa da ku da kilomita goma yana iya ba ku labarin wani ruwa dabam.

Ga yadda ake ƙiyasta ruwan da zai iso magudana, da tsohuwar hanyar da wani injiniya ɗan ƙasar Ailan, Thomas Mulvaney, ya gabatar a 1851, wadda har yau ake amfani da ita a ƙananan yankuna. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A ce yankin da ke zuba ruwansa a magudanarku hekta 10 ne, wato murabba'in mita 100,000, kuma ruwa ya sauka da ƙarfin milimita 60 a awa. Lita miliyan 6 ke nan a awa, ko kimanin lita 1,670 a kowane sakan. Ba dukansu ne za su iso magudana ba, domin ƙasa tana shan wani kaso. Idan yankin yana da filaye da bishiyoyi da tsakar gidajen da ba a daɓe ba, mai yiwuwa kashi 40 cikin 100 ne zai malalo, wato kusan lita 670 a sakan. Idan kuwa ko'ina rufin kwano ne da kwalta da daɓen siminti, kason yakan kai 80, ruwan ya zama lita 1,330 a sakan. Ruwan sama ɗaya ne, faɗin ƙasa ɗaya, amma nauyin da ke kan magudanar ya ninka. A nan ne nake yawan samun bakin zaren: an yi lissafi da taswirar lokacin da rabin unguwa fili ne, kafin a gama ginin magudanar an cike filayen da gidaje, kowa ya daɓe ƙofar gidansa, ya kuma juyo da indararonsa titi. Ƙari a kan haka, ruwa ya fi gudu a kan siminti, sai na nesa da na kusa su iso magudana kusan lokaci guda.

Shawarata ita ce ku nemi takardun zanen aikin, ku duba abubuwa huɗu a ciki: mizanin ruwan da aka zaɓa, faɗin yankin da aka lissafa, kason malalar da aka ɗauka, da girma da gangaren magudanar kamar yadda aka zana. Sannan ku ɗauki tef ku auna abin da aka gina a wurare da dama. Idan zane ya ce mita ɗaya kuka tarar da santimita 80, wannan magana ce ta ɗan kwangila. Idan gini ya yi daidai da zane amma zanen ya raina ruwan, magana ce ta mai zane da wanda ya amince da shi. Nan gaba kuma kuna iya auna ruwan da kanku: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, idan aka ajiye shi a fili nesa da bango da bishiya, zurfin ruwan da ya taru a ciki shi ne zurfin ruwan da ya sauka. A riƙa aunawa da rula kowane minti 15 ana rubuta lokaci.

Tsohon Mai Duba Kwata ya amsa:

Allah ya ƙara wa Injiniya sani, duk abin da ya faɗa haka yake a takarda. Sai dai ni da na yi shekaru ina bin magudanai da ƙafa ina da ja a kan inda ya ce a fara, domin takardun nan kuna iya shafe watanni kuna zirga-zirga ba ku gan su ba, alhali magudanar tana nan a gabanku, kuma a cikin bayanin Malam akwai jimla ɗaya da ta fi duk sauran muhimmanci a wurina: ruwan bai kai awa biyu ba, amma bai janye ba sai asuba. Magudanar da ta yi ƙanƙanta amma hanyarta a buɗe take, takan tumbatsa ne a lokacin da ruwa ke tsananin sauka, da zarar an ɗauke kuma ba a daɗewa take kwashe abin da ya hau titi. Ruwan da ya kwana yana nuna cewa ko dai wani abu ya tare shi a gaba, ko kuma gidajen suna cikin wani kwarin da ya fi bakin magudanar ƙasa, ruwa ya shiga ya rasa mafita.

Ka tambayi waɗanda suka ga magudanar da idonsu a daren, musamman masu shaguna da masu gadi, yadda ruwan cikinta yake. Idan ta cika maƙil kuma ruwan yana gudu da ƙarfi yana jan shara, to ƙarfinta ne ya ƙare, maganar Injiniya ta tabbata. Idan ta cika amma ruwan yana tsaye, leda tana shawagi a wuri ɗaya, matsalar tana gaba, a kwalbati ko a bakin rafi. Akwai kuma hali na uku da mutane ba su cika lura da shi ba, wato titi ya cika da ruwa amma magudanar ko rabi ba ta kai ba, saboda ƙofofin da ruwa zai bi ya shiga sun toshe, ko an rufe samanta da silab daga wannan kusurwa zuwa waccan ba a bar kafa ba, ko kuma gefenta ya fi titi tudu. Waɗannan cututtuka uku ne dabam-dabam, maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya, kuma na sha ganin an faɗaɗa magudanar da ba faɗi ne ciwonta ba.

Idan za ku duba, ku fara daga ƙarshe, inda take zuba a rafi, ku biyo ta zuwa sama, a ranar da babu hadari. Ku ga ko bakin yana sama da inda ruwan rafin ke kaiwa idan ya kawo, domin idan rafi ya cika ya rufe bakin, magudana ba ta da inda za ta zubar, wani lokaci ma ruwan rafin ne ke biyo ta ya dawo cikin unguwa. Ku riƙe rodi, kowane taku ashirin ku soka shi cikin laka har ya taɓa kankare, ku auna ku rubuta. Ku leƙa cikin kwalbati da tocila. Na taɓa zuwa wani wuri da aka yi shekara ana rubuta ƙorafi ana neman a rushe magudana a sake ta, da muka haska ƙarƙashin titi sai ga bututun ruwan famfo an ratsa shi ta tsakiyar kwalbatin, wata tsohuwar katifa ta maƙale a jikinsa, robobi da yashi sun taru a bayanta har sun zama bango. Mutum huɗu da shebur suka gama aikin kafin la'asar, bututun kuwa sai da aka yi wata takwas ana rubuce-rubuce kafin masu shi su ɗauke shi.

Wata alama mai sauƙi: kwana ɗaya bayan ƙaramin ruwa, ku bi ku ga inda ruwa ya kwanta a cikin magudanar. Wadda aka yi wa gangare daidai takan tsane, kuma gudun ruwanta yakan wanke yashin da ya shigo. Inda kuka ga kududdufi a cikinta, gindinta ya lotsa ko an gina shi a kwance, nan ne kuma laka za ta riƙa taruwa komai yawan yasa. A ƙarshe ku bi gidajen da ruwa ya shiga tun shatin da ya bari a bango bai goge ba, ku auna tsayinsa daga ƙasa, ku rubuta lokacin da ya shiga da lokacin da ya fita. Ina kuma roƙonku kada kowa ya je bakin magudana da sunan awo a lokacin da take cike.

Malamar Tsara Birane ta amsa:

Na ƙaru da bayanan Injiniya da na Baba, kuma ba ni da abin da zan rage a cikinsu. Abin da nake son in ƙara shi ne, ko da bincikenku ya nuna cewa magudanar ta cika duk sharuɗɗan da aka gindaya mata, hakan bai amsa tambayar mutumin da ruwa ya kai masa gwiwa a ɗakinsa ba. Tunda an yarda cewa wata rana dole a yi ruwan da ya fi ƙarfinta, to wajibi ne a san inda rarar za ta bi a wannan rana. Masu wannan fanni suna kallon kowane gari a matsayin mai magudanai iri biyu: waɗanda aka gina, da kuma hanyar da ruwa ke bi a bisa ƙasa idan waɗancan sun cika, wato tituna da filaye da kwaruruka. Ta biyun tana nan ko an tsara ta ko ba a tsara ba, kuma idan ba a tsara ta ba, ruwa yakan zaɓi tsohuwar hanyarsa, ko da an gina ɗakin kwana a kanta.

Birnin Kofanhegan na Danmak misali ne da ya dace a nan. A ranar 2 ga Yuli 2011 ruwa kusan milimita 150 ya sauka a kansa cikin kimanin awa biyu, ya yi ɓarna mai yawa. Shirin da hukumomin birnin suka fitar a 2012 bai yi alkawarin cewa ruwa ba zai sake hawa titi ba. Abin da ya gindaya shi ne, a ruwan shekara ɗari, zurfin ruwa a titi kada ya wuce santimita 10, sai a wuraren da aka keɓe musamman don su riƙe shi ko su wuce da shi, kamar wasu tituna da wuraren shaƙatawa da aka sauke ƙasansu. Ina ganin wannan ya fi gaskiya a matsayin ma'auni, domin yana magana a kan abin da ya shafi mutane kai tsaye: zurfi nawa, na tsawon wane lokaci, da wane gudu, kuma a ƙofar wa. Santimita 15 na ruwa mai gudu suna iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma suna iya ɗaga ƙaramar mota. A ambaliyar Niyu Yok da Injiniya ya ambata, 11 daga cikin mutum 13 da suka rasu a birnin a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ruwa ya rutsa da su. A Zhengzhou ta ƙasar Sin kuwa, inda milimita 201.9 suka sauka cikin awa ɗaya ranar 20 ga Yuli 2021, babu magudanar da za a ce ta ɗauki wannan ruwa, abin da ya rage shi ne gargaɗi a kan lokaci da rufe wurare masu haɗari, kuma mutum 14 sun rasu a layin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da ruwa ya cika.

Don haka, Malam, a takardarku ku tambayi ko titin da aka yi tare da magudanar ya fi dokin ƙofar gidajen kwarin tudu, domin sau da yawa ciko da ake yi wa titi yakan mayar da shi madatsa, gidajen gefensa su zama tafki. Ku kuma leƙa unguwar da ke ƙasa da ku a bakin rafin ku ji ko ambaliyarsu ta ƙaru tun da aka yi aikin. Magudanar kankare mai santsi tana kai ruwa gaba da sauri, kuma wadda ta tsamo ku ta nutsar da na ƙasa da ku ba za a ce ta yi nasara ba, sauya wa matsalar mazauni kawai ta yi.

Akwai kuma batun tsufan alƙaluma. Jadawalin da ake duba ƙarfin ruwan shekara biyar ko goma a cikinsa an gina shi ne da bayanan shekarun baya, wani lokaci na shekaru talatin ko arba'in da suka shige, alhali iska tana ƙara riƙe tururi da kimanin kashi 7 cikin 100 a duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, wato idan zafi ya ƙaru ruwan da ke sauka yana iya fin na jadawalin ƙarfi. Ku tambayi shekarun da jadawalin ya ƙunsa. Idan kuma aka nuna muku sakamakon kwamfuta, misali na SWMM, manhajar lissafin ruwan magudanai da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara fitarwa a 1971, kada kyan launukan taswirar ya rufe muku baki. Ku ce a saka mata ruwan ranar da abin ya faru, a ga ko za ta fitar da zurfin da kuka auna a bangon gidaje. Idan ta kasa maimaita abin da ya riga ya faru, babu dalilin gaskata abin da ta ce zai faru.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun bi shawarar Baba, mu biyar muka fita da rodi da tef da tocila. Faɗi da zurfin magudanar sun kai mita ɗaya a duk inda muka auna, don haka zargin an rage mata girma ya faɗi. A ɓangaren sama lakar ba ta wuce santimita 10 ba, amma tana ƙaruwa yayin da ake gangarowa, har a mita hamsin na ƙarshe kafin kwalbati ta kai rabin zurfin. Kwalbatin kansa bututun kankare ne guda biyu, faɗin bakin kowanne santimita 60, ɗaya kusan a toshe yake da yashi da robobi. Dattawan unguwa sun ce wannan kwalbati ya girmi magudanar da shekaru masu yawa, ba a taɓa shi ba lokacin aikin. Masu gadi biyu sun shaida mana cewa a daren ruwan cikin magudanar kusa da kwalbatin a tsaye yake. Shin wannan ya isa mu ce ga inda laifin yake?

Injiniyan Ruwa ya amsa:

Ya isa ku ce ga inda ruwan ya tsaya, kuma na yarda Baba ya riga ni gano wurin. Bari in saka alƙaluma a kan abin da kuka gani, da ƙa'idar da Robert Manning ya gabatar a 1889, wadda ake lissafa abin da magudana ke iya ɗauka da ita. Ban san gangaren taku ba, amma a ce tana sauka mita ɗaya a kowace mita 200. Magudanar kankare mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, idan tana da tsabta, za ta wuce da kimanin lita 2,270 a sakan. Idan laka ta cike rabinta, ba rabin ƙarfin ne ke saura ba, kusan lita 940 ne, wato kashi 41 cikin 100, domin ruwa marar zurfi ya fi gogar bango da ƙasa, gudunsa ya ragu, kuma ban ma lissafa kaushin lakar ba. Ka gwada da misalin da na bayar a baya na lita 1,330: tsabtatacciya za ta ɗauka har da rara, mai laka za ta tumbatsa.

Kwalbatin ne ya fi tayar mini da hankali. Bakin bututu biyu masu santimita 60, idan aka haɗa su, bai kai kashi 60 cikin 100 na bakin magudanar ba ko da duka a buɗe suke, da ɗaya a toshe kuwa bai kai kashi 30 ba. Mai yiwuwa ma shi ne ya haifar da lakar, domin inda ruwa ya rage gudu nan yake sauke yashin da ya ɗauko, shi ya sa kuka ga tana kauri yayin da kuke kusantarsa. Idan haka ne, yasa za ta taimaka na damina ɗaya ko biyu, sannan lakar ta dawo.

Sai dai kada ku rubuta kalmar ha'inci. Abin da za ku nema a takardar shi ne a nuna muku ko sauya kwalbatin yana cikin kwangilar. Idan yana ciki aka bar shi, ɗan kwangila da wanda ya sa hannu cewa an kammala aiki su ne da amsa. Idan ba ya ciki, sai a tambayi mai zane dalilin da ya sa aka haɗa sabuwar magudana da tsohon maƙogwaro ba tare da an lissafa abin da zai iya haɗiyewa ba, a kuma tambayi wanda aka ɗora wa yasa sau nawa ya zo cikin shekara uku. Har yanzu ku nemi bayanan ruwan ranar, saboda mai yiwuwa ne a ce muku ya haura mizani, kuma yana iya zama gaskiya ba tare da ya wanke kwalbatin ba.

Tsohon Mai Duba Kwata ya ƙara da cewa:

Malam, na san da zarar matasa sun ji inda matsalar take za su ɗauko shebur, kuma ya kamata a yashe kafin ruwa na gaba. Amma kafin a kwashe ko kwando ɗaya, ku ɗauki hoton kowane wurin da kuka soka rodi, tef yana jikinsa ana ganin lambar, da hoton bakin bututun biyu daga kowane ɓangare na titi, ku rubuta kwanan wata, mutum biyu daga kowane ɓangare na kwamitin su sa hannu. Lakar da aka fitar kuma a kwashe ta daga wurin a ranar, kada a jibge ta a gefen magudanar.